Ranar Da Na Je Karɓo Mijina Da Takardar Aure

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai a kai, da wata ranar Talata a Alƙahira. Har yau in na tuna ta ina cikin wanke-wanke, sai in ajiye kwano in rufe fuskata da hannu mai kumfa, ni kaɗai a kicin.

Bari in fara da kaina, don ku san irin wadda abin ya faru da ita. Ni 'yar Malumfashi ce. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, sai Islamiyya. Mace ce ni mai son gida: a ba ni tukunya da rediyo da wanda zan yi wa hira, an gama da ni. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau ɗaya, ya zauna ke nan. (Mahaifiyata takan ce da da kunne ake rubuta jarrabawa, da tuni na zama likita.)

A lokacin watana biyar da zuwa Masar wajen maigidana, wanda nake kira Malam. Yana karatun digiri na biyu, iyakar abin da na sani ke nan. Muna zaune a unguwar Arba wa Nus, hawa na huɗu, ɗaki da falo. Larabcin titi da na iya bai fi a ƙirga da yatsu ba: yalla, khalas, tamam, ma'alish, sai sunan burodi da na wake. Hanyar mai burodi kaɗai na sani. Izinin zamana a ƙasar kuma a jikin nasa yake rataye. Wato in Malam ya ɓace, ni ma na ɓace, sai dai ni ina zaune a ɗaki zan ɓace.

Malam kuwa mutum ne mai shiru. Ba fushi ba ne, haka Allah ya yi shi. Ni kuma a gidanmu an koya mini ba a tsare miji da tambaya, ba a kuma kiran sunansa. Shekara huɗu da aurenmu, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba.

Yana da aboki, Malam Issufu, ɗan Damagaram, mai jin Faransanci kamar a can aka yanke masa cibi. Kullum bayan la'asar sai ya hawo da wani littafi mai kauri a hammata, su shige falo su turo ƙofa. Ni ina kicin. Bangon da ke tsakaninmu kuwa da kwali ba su da maraba.

Ran nan ina yanka albasa, sai na ji Malam Issufu ya canza murya, ya yi ta kamar ta alƙali.

"Kana da mata, ko wadda aka yi maka baiko da ita?"

Sai muryar Malam, a natse: "Ba ni da."

Wuƙar ta suɓuce daga hannuna. Na dubi kaina daga sama har ƙasa don in tabbata ina nan. To ni wace ce, mai aikin gidan?

"Kana da wata cuta da kake ɓoyewa?"

"Babu."

"Kai bawan wani ne?"

"A'a, ɗa ne ni."

"Ka san in ka shiga cikinmu ba ka da sauran ra'ayin kanka? Kana son barci a tashe ka, kana jin yunwa a hana ka ci, kana son zama a wannan ƙasa a tura ka wata. Za ka iya?"

"Zan iya, da yardar Allah."

"Yawwa. In kuma daga baya aka gano ƙarya ka yi, kana da mata?"

"A tuɓe mini rigar, a miƙa ni ga matata."

"Tamam!" in ji Malam Issufu, har da tafi.

Wallahi miyar ranar ban san abin da na zuba mata ba. Sun ci dai, ba wanda ya ce komai.

Daga ranar na mayar da jikin bangon nan wurin zamana. Cikin mako biyu na haɗa labarin kaf. Wata ƙungiya ce ta mayaƙan Nasara masu rantsuwa. Wanda ya shiga ba aure, ba dukiyar kansa, sai biyayya ga shugaba. Aikinsu na farko tsare hanyar masu ziyarar Ƙudus, daga baya suka yi ƙarfi, suka gina ganuwoyi, har sarakuna na shakkarsu. Manyansu, 'ya'yan manyan gida, su ke sa farin mayafi mai jan gicciye. Talakawan cikinsu baƙi suke sawa. Suna rage suma su bar gemu. Bibbiyu suke ci a kwano ɗaya, ba magana. Alamarsu mutum biyu a kan doki ɗaya. Ranar karɓar sabon shiga kuwa rufe ƙofa ake yi. Ƙarshensu shi ya fi tayar mini da hankali: wani sarki ya sa aka kama su a rana ɗaya, aka azabtar da su, shugabansu kuma aka ƙone shi da ransa.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce, to ke ba ki ji cewa an yi wajen shekara ɗari bakwai da gama da mutanen nan ba? Ban ji ba! Ku ba ku san masu karatun tarihi ba. Magana suke yi kamar da safen nan suka rabu da mutanen a bakin masallaci: "suna yin kaza," "za su ce maka kaza." In ma sun ambaci shekaru, da Larabci suka ambata. Ni a tunanina an kama na wata ƙasa ne, na Masar kuma suna neman sababbin mutane.

Sai na fara sa ido. Malam ya je ya yi aski ƙwal, gemu kuwa ya bar shi ya yi tsawo. (Lokacin gyarawa ne ba shi da shi, amma wa zai gaya mini?) Na kai musu tuwo a kwano ɗaya, suka ci shiru, kowa idonsa a takarda. Na riƙe ƙirji. Ban tsaya na tuna cewa tun da aka halicci Bahaushe a kwano ɗaya yake ci da abokinsa ba. Na leƙa ta taga da safe, sai ga su su biyu a kan tsohon babur ɗin Malam Issufu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na ce shi ke nan, dokin ne ba su samu ba.

Ya rame. Ya daina tsokanata a kan yawan gishiri. In na yi masa hira sai ya ce "uhm," idonsa a bango.

Abin da ya ƙarasa ni ran Asabar ne. Ina share saman kwaba, hannuna ya taɓa wata leda da aka tura can ƙurya. Na buɗe. Baƙar riga ce doguwa, mai faɗin hannuwa, ba irin wadda muke sawa ba, ba kuma irin ta Misirawa ba. Baƙa! Ta talakawan ƙungiya! (Ko a nan ma sai da na ji haushi, wato ko farar ba su ga ya isa su ba shi ba.) Da yamma kuma na ji shi a waya yana cewa, "Talata, ƙarfe goma. Amma don Allah kada maganar ta je gida sai an gama." Ya faɗi sunan wurin da Larabci, kunnena ya ɗauke ya adana.

Ban taɓa jin tsoro irin na kwana ukun nan ba. Abinci ya ƙi wucewa. In na ji jiniyar mota a titi sai in ce an zo kama shi. In na kunna risho na ga harshen wuta, sai in tuna shugaban da aka ƙone, in kashe. Ina ganin kaina a bakin titi da akwati, ba miji, ba harshe, ba takarda, ba wanda zan ce wa ga sunan garinmu ya gane. Ga babban abin: mutumin da ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, a ce zai rataya gicciye? Me zan gaya wa mahaifiyarsa? Na ɗauki waya zan kira gida ya fi sau goma, sai in tuna an ce ana sauraron waya, in ajiye. Kada bakina ya zama sanadin ɗaure shi.

Ran Litinin na kasa, na sauka hawa na biyu wajen Hajja Zahra'u. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta suka taho aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can. Turaren wuta da lalle take sayarwa, ita ce kaɗai uwar da nake da ita a Masar. Na zayyana mata komai, har da muryar alƙali.

"Sajami!" ta ce, ta dafe kai. Haka matan Sudan suke salati in abu ya girgiza su. "Ya bitti, 'yata, ke kin tambaye shi kuwa?"

"Hajja, in tambaye shi me? Mutanen da suka yi rantsuwa? Ai sai ya sake shiri."

"Yaron nan da ba ya wuce sahun farko?"

Na zaro rigar daga cikin hijabina na shimfiɗa mata. Ta juya ta, ta shinshina, ta duba ɗinkin. Can ta ce, "Wannan kam ba rigar salla ba ce."

Na ce, "Akwai mafita ɗaya, da kunnena na ji. In matar mutum ta bayyana, dole su tuɓe masa riga su ba ta abinta. Dokarsu ce."

"To ai kuwa kina da takardar aure mai hatimi." Ta gyara zama. "In mun je, ki ɗaga ta sama ki ce, ana miratu. Wato ni ce matarsa. Faɗi in ji."

Na faɗa sau ɗaya, ta ce ko 'yar ƙasa sai haka. Da na maimaita mata sunan wurin kuwa sai ta yamutsa fuska. "Wannan ai cikin jami'a ne."

Na ce, "Kin gani? Har can sun shiga."

Talata da safe Malam ya yi wanka, ya fesa turare, ya ɗauki ledar yana ɓoye ta a bayansa kamar ban gani ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya dube ni yadda ya daɗe bai dube ni ba.

"Ki yi mini addu'a. Yau ko dai su karɓe ni, ko su dawo da ni."

Na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." A zuciyata kuwa cewa nake yi, Ya Rabbi su dawo da shi, Ya Rabbi su kore shi da duka ma in ta kama.

Yana sauka na zari takardar aure, na tsaya wa Hajja a ƙofa. Tuktuk, keken nan mai ƙafa uku, ya fitar da mu babban titi, muka hau mikrobas, wato ƙaramar bas ɗin haya. Ban ga komai a hanya ba, ina ta maimaita kalmomina biyu kamar mai jan carbi. A ƙofar jami'a muka tarar da wasu Misirawa, iyali guda, sun sha ado, suna ɗauke da furanni da kwalayen alewa. Muka bi bayansu, mai gadi ya ɗauka tare muke.

Hajja ta ja ni gefe. "Ya bitti, ƙungiyar asiri da furanni?"

"Ɓad da kama ne, Hajja. Taho."

Muka sami zauren. Na tura ƙofa a hankali, na leƙa. Can gaba a kan dandamali ga dogon tebur, dattawa uku a zaune, kowanne da baƙar riga. A gefe ga wani ɗan tebur, Malam shi kaɗai a cikin tasa baƙar rigar, gumi yana bin gemunsa. Mutane cike da kujeru, har da ɗalibai 'yan ƙasarmu da yawa, ga Malam Issufu a sahun gaba. Na ce a raina, innalillahi, duk sun shiga!

Muka zauna a baya. Dattijon tsakiya, mai farin gashi da tabarau a kan hanci, yana riƙe da wani ƙaton littafi, yana buga shi a tebur yana yi wa Malam faɗa da Larabci. Malam sai "na'am, ya doktor" yake yi da ƙaramar murya. Hajja ta karkata kai tana saurare. Na ga fuskarta tana canzawa, ta buɗe baki za ta yi mini magana.

Daidai nan dattijon ya nuna Malam da alƙalami ya jefa masa tambaya. Ban fahimci komai a ciki ba sai kalma ɗaya da na sani tun Islamiyya: zauja. Mata. Malam ya ce, "La."

A'a. A gaban jama'a.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Habibu!"

Eh. Sunan da na yi shekara huɗu ina kewaye shi, shi na kwarara a zauren jami'a har bango ya amsa.

"Habibu, ka ji tsoron Allah! Ana miratu! Ana miratu!" Na ɗaga takardar sama da hannu biyu ina tafiya gaba. "Ƙarya yake yi, yana da mata, ga ni! Ku tuɓe masa rigar ku ba ni mijina!"

Kowa ya waiwayo. Hajja ta biyo ni tana jan hijabina. "Zauna, ya bitti! Jarrabawa ce! Littafin da ya rubuta suke tambayarsa!"

Malam Issufu ya taso da gudu, idonsa kamar zai faɗo. "Madam, me kika yi haka? Munaƙasha ce! Yau yake kare digirinsa. Mutanen nan da kike magana sun mutu tun kafin a haifi kakan kakanki. Littafin Faransanci nake fassara masa, muna bita don ya zauna masa a kai!"

Kun san yadda mutum yake ji in ya taka matakalar da babu ita? To haka, amma daga hawa na huɗu. Tsoron da na kwana uku da shi ya fita, wani wanda ya fi shi ya shigo. Shekarun da bawan Allah ya yi yana wahala, ya bar gida, ya rame, ga shi na zo da hannuna na watsa masa ƙasa a ranar ƙarshe. Na dubi Malam. Bai dube ni ba. Ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa tebur. Ni kuwa hannuna ya ƙi saukowa, takarda na nan a sama.

Dattijon ya cire tabarau. Ya yi wata gajeriyar tambaya, Malam ya miƙe ya yi bayani da Larabci. Bayanin ya yi tsawo. Dattijon bai yi dariya ba. Ya yafito ni da yatsa, ya ce Malam Issufu ya tsaya tsakani ya yi tafinta.

"Wai ya ce, me kika sani game da shiga ƙungiyar?"

Na so ƙasa ta tsage. Amma tsoro ya buɗe bakina, kunnena ya juye abin da ya tara. Na kawo tambayoyin ɗaya bayan ɗaya yadda na ji su. Na kawo farin mayafi da baƙi, da kwano ɗaya, da doki ɗaya. Na ƙare da cewa, "Mai mata kuma ba a karɓarsa, sai fa in matar ta yarda. Ko ta yarda ɗin ma ba zai sa fari ba, sai baƙi. Ni kuwa ban yarda ba."

Malam Issufu yana gama fassarawa, dattijon ya buga tebur, na yi tsalle. Ya juya ga Malam ya yi magana, zauren ya fashe da dariya. Ashe tambayar da ya yi masa ke nan: ko akwai halin da ake karɓar mai mata? Ruɗewa ta sa Malam ya ce a'a, alhali da hannunsa ya rubuta amsar a littafin. Dattijon cewa ya yi, matarka ta amsa abin da ka kasa, kuma daga kicin.

Sannan ya dube ni, ya sa hannu a ƙirji.

"Wai ya ce," in ji Malam Issufu yana danne dariya, "bisa dokar ƙungiya kin yi gaskiya, kamata ya yi su tuɓe masa riga su miƙa miki shi yanzu. Amma yana roƙon ki ara musu shi na awa ɗaya, za su dawo miki da shi lafiya."

Na ce, "Ma'alish." Wato a yi haƙuri; ita kaɗai ta rage mini a Larabci. Na koma kujerata, na ja hijabi na rufe fuska, ban buɗe ba har aka tashi. Ta cikin hijabin na ji an sanar ya ci, na ji Hajja ta rangaɗa guɗa irin ta Sudan a kan kunnena.

Mikrobas ya dawo da mu gida. Muka hau bene, ya rataye rigar (ashe ma aro ya yi), ya zauna ya cire takalmi. Ni ina tsaye a bakin kicin ina jiran hukunci. Ya ce mahaifiyarsa ce ta hana shi gaya wa kowa, don an taɓa sa ranar aka ɗaga, ta ce bakin mutane ne, wannan karon a yi shiru sai ta tabbata. Ni kuma ya ga in na sani ba zan ci abinci ba don fargaba.

Na ce, "Ai kuwa ban ci ba."

Ya sunkuyar da kai. Can na ga kafaɗarsa tana motsi. Ya ɗago, idonsa har da hawaye don dariya.

"Ashe dai kin san sunana."

Har muka bar Masar, matan ɗalibai ba su ƙara kirana da sunana ba, sai Miratu. Wani ɗan albarka ma ya ɗauki bidiyon abin a waya, bidiyon ya riga mu isa Malumfashi.

Abin da na koya? In za ki saurari magana ta bango, ki tabbata kin san shekarar da abin ya faru. In ba haka ba, ki buɗe ƙofar ki yi tambaya; kunyarta ba ta kai ta zauren jami'a ba. Shi ma Malam ya koyi nasa: yanzu ko aski zai je sai ya gaya mini dalili. Takardar auren kuwa tana nan a jakata. Ba a san ranar da wata ƙungiyar za ta taso ba.